Tsohon Gidan Katako na Malayawa: Mene Ne Abin Gadon a Cikinsa, Kuma Me Ke Cinye Shi?

Idan aka kwance tsohon gida, katako bayan katako, aka loda shi a mota aka kai shi wani gari mai nisa aka sake haɗa shi, an cece shi ke nan, ko kuwa jana'iza mai kyau aka yi masa? Wannan tambaya ta daɗe tana raba kan mutane a ƙasar Malesiya, kuma takan sake tasowa duk sanda aka yaɗa hoton wani tsohon gidan katako na unguwar Kampung Baru a birnin Kuala Lumpur, ga tagwayen benayen Petronas tsaye a bayansa kamar za su taka shi.

Masu kallo daga nesa, har da 'yan uwanmu da suka yi karatu a can suka dawo, sukan kasu gida biyu. Wasu na ɗaukar sa gidan talakawa ne da ci gaba bai ƙaraso wurinsu ba tukuna. Wasu kuma abin da ya ɗauke musu hankali shi ne labarin da 'yan rakiyar baƙi ke bayarwa, wai an gina shi ba ƙusa ko ɗaya, don haka a ɗauke shi a kai gidan tarihi a kewaye shi da igiya. Kowane ɓangare ya taɓo wani abu, amma ba wanda ya kama bakin zaren.

Wane gida ake nufi?

Malayawa, waɗanda ke kiran kansu Melayu, su ne mafi yawa a Malesiya, kuma akwai su a gabashin tsibirin Sumatra na Indonesiya, da kudancin Tailan, da Burunai, da Singafo. Musulmi ne masu bin mazhabar Shafi'i. Gidansu na gargajiya, wanda suke kira rumah kampung, wato gidan ƙauye, na katako ne da aka ɗora a kan ginshiƙai, ƙasansa a buɗe, rufinsa mai tsini da gangare.

Tsarinsa na ciki ba shi da wuyar ganewa. Da ka hau matakala za ka tarar da serambi, doguwar baranda inda mai gida ke karɓar baƙi maza, aikinta kusan irin na zaure ne. Daga nan sai rumah ibu, ma'anarsa "gidan uwa", shi ne babban ɗaki mafi tsayin rufi, inda ake kwana, ake salla, ake taron suna da na aure. A baya kuma akwai dapur, wato kicin, wanda daɓensa ya fi na sauran yin ƙasa. A gidaje da yawa akwai wata 'yar hanya da ake kira selang tsakanin babban ɗakin da kicin. Matan maƙwabta ta nan suke shigowa ba sai sun ratsa ta gaban maza ba, kuma idan gobara ta tashi a kicin, wannan tazarar kan rage mata hanzari. A gindin matakala akan ajiye randa da ruwa, kowa ya wanke ƙafa kafin ya hau.

Wanda ya saba da su, da ganin rufi zai gaya maka jihar. Mafi tsufa shi ne bumbung panjang, dogon rufi mai gangare biyu. A Negeri Sembilan bakin rufin kan ɗan ɗaga sama, gadon mutanen Minangkabau da suka ƙetaro daga Sumatra. A Melaka abin alfahari shi ne matakalar dutse da aka lulluɓe da tayil masu launi. A Perak akwai rumah kutai da ke jere a gaɓar kogi. A Kelantan da Terengganu kuwa, can gabas, akwai gidan ginshiƙi goma sha biyu, mai rufin tayil ɗin yumɓu da ake kira singgora, sunan da ya samo asali daga garin Songkhla na Tailan. Nan gabas ɗin ne sassaƙa ta fi ƙwarewa: furanni da ganyaye masu naɗewa, da ayoyin Alƙur'ani a saman ƙofa, domin bayan karɓar Musulunci masassaƙa sun kauce wa siffar mutum da dabba.

Me ya sa aka ɗora shi a kan ginshiƙai?

Amsar tana cikin yanayin ƙasar. Malesiya tana dab da layin da ya raba duniya biyu. Zafi kan kai digiri 32 ko 33 da rana kusan duk shekara, iska cike take da laima, ruwan sama kuma kan wuce milimita 2,000 a yawancin wurare. Daga Nuwamba zuwa Maris damina mai ƙarfi kan bugi gabashin ƙasar, koguna su cika su batse.

Mu da muka san ginin ƙasa mai kaurin bango mun san sirrinsa: yana shanye zafin rana, ya sake shi da dare lokacin da gari ya yi sanyi. Wannan dabara tana aiki ne inda iska take a bushe, dare kuma yake da sanyi. A Malesiya dare ba ya yin sanyin a zo a gani, gumi kuma ba ya bushewa a jiki sai iska ta kaɗa. Bango mai kauri a irin wannan wuri tanda ne. Shi ya sa maginan Malayawa suka bi ta wata hanyar. Suka yi bangon katako siriri wanda ba ya riƙe zafi, suka buɗe tagogi dogaye har ƙasa daidai inda mai zama a tabarma zai ji iska, suka huda sassaƙar da ke saman ƙofofi da tagogi ta yadda iska za ta ratsa ko da an rufe gida. Rufin ganyen nipah, wani dangin kwakwa da ke fitowa a bakin ruwa, ba ya ɗaukar zafi. Bakin rufin ya zarce bango sosai, don haka ana iya barin taga a buɗe ana tsaka da ruwa.

Ginshiƙan kuma suna raba gida da danshin ƙasa, da ambaliya, da macizai da namun daji, iska ta bi ta ƙarƙashi ta shigo ta tsakanin katakan daɓe. Ba a binne ginshiƙin a ƙasa, a kan dutse ko wani ɗan tubali ake ɗora shi, don kada ya ruɓe, kuma idan gara ta fara gina hanyarta a gan ta da wuri. Ƙarƙashin gidan, wanda suke kira kolong, nan ne ma'ajiyar kwalekwale da itacen girki da kayan noma, nan yara ke wasa da rana.

Sai dai kada a wuce gona da iri wajen yabo. A ambaliyar Disambar 2014, wadda ta raba mutane sama da 200,000 da muhallansu, ruwa ya yi awon gaba da gidajen katako da yawa a Kelantan, ginshiƙan ba su hana ba. An tsara gidan ne don ambaliyar da aka saba gani duk shekara, kafin a sare dazukan da ke saman koguna.

Zancen "babu ƙusa ko ɗaya"

Gaskiya ne manyan gidaje da fadoji da dama an haɗa gangar jikinsu ba tare da ƙusar ƙarfe ba. Fadar Seri Menanti da ke Negeri Sembilan, wadda aka gina daga 1902 zuwa 1908 a kan ginshiƙai 99, ita ce misalin da kowa ke kawowa. Haka Istana Kenangan da ke Kuala Kangsar a jihar Perak, ginin 1926, mai bangon gora saƙaƙƙe. Dabarar ita ce tanggam: a huda rami a katako ɗaya, a sassaƙa harshe a ɗayan, a zura, sannan a buga 'yar ƙusar itace ko a cusa wani ɗan gutsure ya matse su.

Amma masu mayar da wannan abin al'ajabi sun manta da tambaya ɗaya: don me? Ƙarfe yana da tsada a da, kuma yana tsatsa da sauri a ƙasa mai laima, tsatsar ta ci katakon da ke kewaye da shi. Katako kuma kan kumbura da damina ya tsuke da rani, haɗin tanggam yana ba shi damar motsi ba tare da ya tsage ba. Babban dalilin kuwa shi ne abin da aka haɗa ta haka ana iya kwance shi. Ka fidda 'yan ƙusoshin itacen, gida ya rabu gunduwa gunduwa ba abin da ya karye.

Wannan ya ba talaka wata dama da ginin siminti ba ya bayarwa. Saurayi mai sabon aure kan fara da rumah ibu kaɗai, ɗaki ɗaya a kan ginshiƙai shida ko tara. In iyali sun ƙaru, shinkafa ko roba ta yi kuɗi, sai ya ƙara baranda, daga baya ya ƙara kicin, kowane ƙari da ƙa'idarsa yadda rufi zai haɗu da rufi. Gida yana girma tare da iyali, ba bashin banki. Awon ma daga jikin mutanen gidan ake ɗaukar sa: gaba, kamu da taƙi, kuma a al'adar wurare da dama gaban uwargida ne ma'auni. Kafin a ɗaga komai sai an kafa tiang seri, babban ginshiƙin tsakiya, da addu'o'i da wasu al'adu waɗanda malamai na baya-bayan nan suka soki wasu daga cikinsu.

Gidan da tun asali yana tashi

Nan ne tambayar farko take samun rabin amsarta. Ɗauke gida daga wuri zuwa wuri tsohuwar al'ada ce a wurin Malayawa. Idan kogi ya fara cin gaɓa, ko mutum ya sayi gida bai sayi filin ba, sai a kira gayya. A ɗaura dogayen gorori da itatuwa a ƙarƙashin gidan, maza da dama su sa kafaɗa su ɗaga shi ɗungurungum, mata na can suna girka abincin 'yan gayya. In tafiyar da nisa, a kwance shi a ɗora a kwalekwale ko amalanke.

Dubi gidan da ake kira Rumah Penghulu Abu Seman. Penghulu kamar dagaci ne ko hakimin ƙaramar gunduma. An gina gidan ne kashi kashi daga shekarun 1910 zuwa farkon shekarun 1930 a yankin Bandar Baharu na jihar Kedah. Bayan iyalin sun watse ya zama kango, ciyawa ta rufe shi. A 1996 ƙungiyar Badan Warisan Malaysia, mai zaman kanta da aka kafa a 1983 don kare gine-ginen tarihi, ta kwance shi, ta kai shi Kuala Lumpur, tafiyar sama da kilomita 300, ta gyara ta sake kafa shi a titin Stonor. A 2000 aikin ya samu yabo a gasar UNESCO ta adana kayan tarihi a yankin Asiya da Fasifik. Abin da masu sukar ɗauke shi ba su cika ambata ba shi ne, babban ɗakin gidan tun farko a wani ƙauye aka gina shi, penghulun ya saye shi ya kwance ya kawo ƙauyensa a 1924. Ashe tafiyar 1996 ba ita ce ta farko ba.

Haka masallacin Kampung Laut na Kelantan, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan katako a ƙasar. Bayan ambaliya ta kusa jefa shi cikin kogi a ƙarshen shekarun 1960, an kwance shi an kai shi Nilam Puri, ya yi sama da shekara hamsin a can, sannan aka sake kwance shi aka mayar da shi yankinsa na asali.

Masana adana gine-gine na duniya sun daɗe suna kokawa da irin wannan. Yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda aka rubuta da gine-ginen dutse na Turai a zuciya, ta ce gini ba ya rabuwa da wurinsa, kada a ɗauke shi sai in ba makawa. Ƙasashen da ke gini da katako suka ga wannan ma'auni bai yi musu adalci ba, domin katako dole a riƙa sauya wanda ya ruɓe, har ma Japanawa suna da wurin bauta a Ise da suke sake ginawa duk shekara ashirin. A 1994 aka fitar da Takardar Nara a Japan, wadda ta amince cewa sahihancin abin tarihi ana auna shi ne da al'adar da ta haife shi, kuma ya haɗa da fasaha da amfani da ruhin wurin, ba tsufan kayan gini kaɗai ba.

To, ɗauke gidan Malay ba saɓo ba ne. Amma akwai bambanci babba tsakanin ɗaukar da da ta yanzu. A da ana ɗauke gida ne a kai shi inda za a ci gaba da kwana a cikinsa, a hura wuta a kicin, a sauya katakon da ya lalace. Yanzu ana kai shi inda za a sayi tikiti a cire takalmi a leƙa. A ganina, katakon ya tsira, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ƙauyen da ya ba gidan ma'ana, da itatuwan kwakwa da suka yi masa inuwa, da maƙwabtan da ba katanga tsakaninsu, ba sa shiga mota.

Abin da ke cinye gidajen

An fi ɗora laifin a kan gara da son zamani. Dukansu suna da hannu, amma akwai waɗanda suka fi su ɓarna.

Na farko, kuma wanda mai karatu Bahaushe zai gane tun kafin a gama faɗa, shi ne gado. Malayawa suna raba gado bisa fara'id. Mai gida ya rasu ya bar 'ya'ya takwas, ba a raba ba saboda kunya ko saboda uwa na da rai. Shekara talatin ta wuce, wasu magadan sun rasu, kasonsu ya gangara ga nasu 'ya'yan, gida ɗaya ya zama na mutum arba'in ko sittin, rabinsu a Kuala Lumpur da Johor Bahru, wasu ma ba su san juna ba. Rufi ya fara yoyo. Wa zai fitar da kuɗi ya gyara abin da kasonsa a ciki bai kai ɗaya cikin talatin ba? Wa zai sayar ba tare da sa hannun kowa ba? Haka gida zai tsaya a kulle, ana buɗe shi sau ɗaya a shekara lokacin ƙaramar salla, in an yi abin da suke kira balik kampung, wato komawa ƙauye. Gidan katako kuwa in ba a zaune a ciki, ba mai ganin hanyar gara da wuri, ba mai buɗe taga ya sha iska, cikin 'yan shekaru sai ya durƙushe. Laifin ba na hukuncin gado ba ne, na jinkirin rabo ne. Shari'a ta buɗe ƙofofin hiba da waƙafi da sulhu tsakanin magada, hukumomin ƙasar kuma sun sha kokawa cewa dukiyar gadon da ta maƙale ba a raba ba ta kai biliyoyin ringit, kuɗin ƙasar. A Negeri Sembilan, inda al'adar perpatih ta sa filin kakanni ke bin layin mata, matsalar ta ɗauki wani salo: 'yar da gidan ya faɗo wa tana aiki a birni, ba ta da niyyar dawowa.

Na biyu shi ne ƙaura. A 1970 mazauna birane ba su kai kashi 30 cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba. A ƙidayar 2020 sun kai kashi 75. Sabon tsarin tattalin arziki da gwamnati ta ƙaddamar a 1971 ya jawo Malayawa da yawa daga gona zuwa masana'antu da ofisoshi, suka shiga jerin gidajen bulo iri ɗaya da kamfanoni ke ginawa.

Na uku katako. Itacen da aka fi so don ginshiƙi shi ne cengal, mai tauri da nauyi, wanda gara ba ta cika iya masa ba. Yana daɗewa ƙwarai kafin ya girma, an sare shi fiye da kima, yanzu yana cikin jerin itatuwan da ake fargabar ƙarewarsu. Abin da kakan mutum ya shiga daji ya saro da gatari, jikansa ba ya iya sayen sa. Wannan ya juya lissafi gaba ɗaya: gidan katako na gaske ya koma abin masu kuɗi, bulo da siminti suka zama na talaka. Ya kuma haifar da kasuwar masu yawo ƙauyuka suna sayen tsofaffin gidaje don katakonsu kawai, a farfasa a yi tebura da ƙofofin otal.

Na huɗu, kuma shi ne wanda ba ya dawowa in ya tafi, shi ne tukang, gwanin kafinta da ya haddace awo da haɗi a ka, ba zane a takarda. Yaro kan koya ne ta bin ubangidansa shekaru. Da aka daina ba da aikin gina irin waɗannan gidaje, aka daina samun almajirai. Jami'ar Fasaha ta Malesiya tana da cibiya mai suna KALAM da ta tara zanen awon ɗaruruwan tsofaffin gine-gine da ɗalibai suka auna, kuma aiki ne mai daraja. Sai dai zane ba ya koya wa hannu yadda ake jin katako ya zauna daidai a raminsa.

Akwai kuma ɓarnar da masu gida ke yi da kyakkyawar niyya. A cire rufin nipah saboda sai an sauya shi bayan 'yan shekaru, a buga kwano, gida ya ɗau zafi. A toshe ƙarƙashin gidan da bulo don a samu ƙarin ɗakuna, iska ta daina ratsawa, gara ta samu hanya a ɓoye. Daga nan a sa gilashi a tagogi a kawo na'urar sanyaya ɗaki. Ba wanda zai zarge su, kowa na son sauƙi, amma a ƙarshe an rasa abin da ya sa gidan ya zama gwani.

Kampung Baru: inda ƙasa ta fi gida tsada

A 1900 Turawan mulkin mallaka na Ingila da Sarkin jihar Selangor suka keɓe wani fili mai faɗin eka ɗari biyu da 'yan kai a gefen Kuala Lumpur don Malayawa su zauna su yi noma, da sharaɗin ba a mallaka wa wanda ba Bamalaye ba. Birni ya girma ya kewaye shi. Yau unguwar tana kallon benayen Petronas, kogin Klang da babbar hanya ne kawai tsakaninsu, kuma tun 2020 akwai gadar ƙafa ta Saloma da ta haɗa su.

Gwamnatoci sun sha yunƙurin sake gina unguwar. An yi doka a 2011 aka kafa hukumar raya Kampung Baru. A 2019 gwamnati ta yi tayin sayen filayen a kan ringit 850 kowace ƙafa murabba'i, daga baya ta ɗaga zuwa 1,000, amma shirin bai kai ga gaci ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wancan zancen gado: filaye ɗari takwas da wani abu, masu haƙƙi a kansu sama da 5,000.

Masu goyon bayan rushewa suna da hujja. Suna cewa ba adalci ba ne a bar Malayawa zaune a kan zinariya suna talauci, maƙwabtansu na cin ribar tsadar ƙasa, kuma yawancin gine-ginen unguwar yanzu ba na gargajiya ba ne, ɗakunan haya ne da aka jona barkatai. Masu adawa kuma kashi biyu ne, kuma kuskure ne a haɗa su. Akwai masu cewa a bar unguwar don ita ce ƙauyen Malayawa na ƙarshe a tsakiyar babban birni. Akwai kuma, kuma suna da yawa, waɗanda ba su ƙi sayarwa ba, farashin ne suke ganin an taɗiye su, tunda sharaɗin hana sayar wa wasu ƙabilu, wanda aka sa don ya kare su, shi ne ke karya darajar filin a kasuwa in aka gwada da na tsallaken kogi.

Ba nisa da nan, a titin Chow Kit, akwai wani gida da aka gina a 1926 wanda mutane suka laƙaba wa Rumah Degil, wato gida mai taurin kai, saboda ya ƙi gusawa har shaguna da benaye suka matse shi ta ko'ina. A ƙarshe an sayar da filin, aka kwance shi a 2015, daga baya aka sake haɗa shi a harabar gidan adana zane-zane na ƙasa.

Ina doka take?

Malesiya tana da Dokar Kayan Tarihi ta Ƙasa ta 2005, wadda ta samar da kwamishina da rajistar kayan tarihi. Amma a tsarin mulkin ƙasar harkar filaye ta jihohi ce, don haka ba a ayyana wuri ba tare da amincewar gwamnatin jiha ba. Shekara guda bayan dokar, a ƙarshen 2006, aka rushe Bok House, wani katafaren tsohon gidan attajiri a titin Ampang, duk da kururuwar masu kare tarihi. In haka ta faru da gidan da kowa ya sani a tsakiyar birni, ina ga gidan manomi a wani ƙauye na jihar Pahang?

Ga mai gida kuma, shiga rajista ba lallai ya zama abin murna ba. Nauyin kula da ginin yana kansa, ba zai sauya fasali ba sai da izini, mai saye kuma zai ja baya. Shi ya sa za ka ga iyali suna alfahari da gidan kakansu amma ba sa son jami'i ya zo ya rubuta shi. Shigar biranen Melaka da George Town jerin wuraren tarihi na duniya a 2008 ta jawo kuɗi da baƙi, sai dai yawancin abin da ta kare shagunan bulo ne da gine-ginen Turawa na cikin gari. A Melaka akwai Kampung Morten, ƙauyen Malayawa na shekarun 1920 a bakin kogi, wanda jihar ta ba kariya da dokarta, kuma har yanzu mutane na zaune a ciki. Irinsa ba su da yawa.

Masu saye su kai wurin shaƙatawa, da mai gida talaka

'Yan kasuwa sun shigo inda gwamnati ta gaza. A Terengganu akwai Terrapuri, wurin shaƙatawa a bakin teku da aka tara tsofaffin gidaje kusan talatin daga ƙauyuka aka gyara su suka zama ɗakunan baƙi. A tsibirin Langkawi ma akwai irinsa. Masu suka na cewa an kwashe dukiyar ƙauye an kai wa masu kuɗi, jikan wanda ya gina gidan ba zai iya biyan kuɗin kwana ɗaya a cikinsa ba. Masu kare su na cewa da ba a saya ba da gara ta cinye, ko an farfasa an yi kujeru. Ni dai na fi karkata ga na biyun, saboda wani dalili da ba a cika kawowa ba: irin waɗannan wurare ne suka rage suna biyan tukang kuɗin aiki, kuma duk inda aka kwance gida aka sake haɗawa, akwai yaron da ya riƙe wa gwani katako ya ga yadda ake yi.

Ga iyalin da suka gaji irin wannan gida kuwa, zaɓin da ke gabansu ba shi da yawa, kuma kowanne da ɗacinsa. Su sayar da katakon su raba kuɗin, a huta da rigima. Su bar shi a kulle har ya faɗi da kansa. Su shiga shirin saukar baƙi a gidajen ƙauye da gwamnati ta fara a 1995, in ƙauyensu na kan hanyar masu yawon buɗe ido, wanda yawanci ba haka ba ne. Ko kuma ɗaya daga cikin magada ya biya sauran kasonsu, ko su haɗu su mayar da shi waƙafin iyali a naɗa mai kula. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi barin gida a inda yake da mutane a ciki, kuma shi ne ya fi wuya, domin sai an tara mutum arba'in a baranda ɗaya sun yarda da magana ɗaya, sannan a nemo kafintan da har yanzu ya san yadda ake zare ruɓaɓɓen ginshiƙi a zura sabo ba tare da an sauke rufi ba.